Rundunar Sirrin Fafaroma Mai Farautar Dodanni: Gawar Wa Ake Tararwa?

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a majalisun samari, musamman waɗanda suka mai da kallon finafinan Turawa abincin darensu, wai a ƙarƙashin fadar Batikan da ke birnin Rum akwai wata runduna ta asiri wadda Fafaroma ke ciyarwa, ba ta da wani aiki sai farautar aljanu da masu shan jinin mutane da waɗanda ke rikiɗa su zama namun daji. Wani zai rantse ya gani da idonsa, in aka matsa masa da tambaya sai a tarar a waya ya gani. Wani kuma, wanda ya fi jin kansa wayayye, sai ya gyara zama ya ce ai Turawa ba sa yin fim a banza, duk abin da suka nuna to akwai shi, suna fito da shi ne a fakaice. Wannan magana ta biyu ta fi ta farko haɗari, domin mai ita ya toshe wa kansa ƙofar tambaya, ya miƙa hankalinsa ga ɗan kasuwar da ke sayar da tikitin sinima.

To bari a faɗa ƙarara: babu wannan runduna, ba a kuma taɓa yin ta ba. Ɗan'uwa mai karatu ya lura cewa ko su masu ƙirƙirar tata ba su haɗu a kan suna ɗaya ba. A fim ɗin Vampires na John Carpenter, wanda ya fito a 1998, wasu ƙarti ne 'yan amshin kwangila Batikan ke biya su riƙa zaƙulo masu shan jini daga kangaye a Amurka suna jawo su cikin rana su ƙone. A labarin zane na ƙasar Japan mai suna Hellsing, wanda Kouta Hirano ya fara a 1997, sunan rundunar Sashe na 13, kuma an laƙaba mata sunan Yahuza Iskariyoti, almajirin da Kiristoci ke cewa ya ci amana. A shirin Warrior Nun da Netflix ya fara nunawa a 2020 ya kuma dakatar a 2022, sistoci ne mata masu takobi da bindiga, wai tun zamanin yaƙin Salibiyya na farko aka kafa su. Kowa da tasa rundunar, kowa da nasa tarihin. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Wadda ta fi zama a kan samari ita ce ta fim ɗin Van Helsing na 2004, wanda Stephen Sommers ya shirya, Hugh Jackman ya fito a matsayin jarumi. A can an nuna wata ƙofa a bayan ɗakin da ake furta zunubi, a sauka ƙasa sai ga wata ƙatuwar maƙera, ana ƙera turakun azurfa da baka mai aman kibau kamar bindiga, ga Kadinal yana ba da umarni, ga wani ɗan coci mai ƙirƙire-ƙirƙire yana raba makamai. Har da masu rawani da limaman addinin Buda aka cusa a cikin maƙerar, don a nuna wai duk addinai suna ciki. Duk wanda ya taɓa kallon finafinan James Bond ya san wannan tsari: maigida ya ba da aiki, mai kayan aiki ya ba da makami, jarumi ya tafi ƙasar waje ya yi kisa. An cire wa ɗan leƙen asirin Ingila kwat ne aka sanya masa doguwar riga, aka rataya masa gicciye. Ko sunan jarumin aro ne daga littafin Dracula da Bram Stoker ɗan ƙasar Ailan ya buga a 1897, inda Van Helsing yake tsohon likita ɗan ƙasar Holan, ba shi da runduna ba shi da maƙera, sai tafarnuwa da gicciye da burodin tsarkin coci.

Me ya sa kullum ɗariƙar Katolika ake ɗora wa wannan labari? Domin tana da kayan da kyamara ke so. Tana da tsofaffin gine-gine, da harshen Latin wanda mai kallo ba ya ji, da tufafi, da turare, da shugabanci hawa-hawa har zuwa kan mutum ɗaya, ga kuma ma'ajiyar takardu da aka daɗe ana kira ta sirri. Sa'an nan Ingila da Amurka, inda aka fi rubuta irin waɗannan labarai, ƙasashe ne da 'yan Furotesta suka fi rinjaye, kuma sun yi ƙarnoni suna kallon Rum da idon zargi. Tsohon zargi ne aka wanke, aka sa masa kiɗa, ake sayarwa.

Ita kuwa waccan ma'ajiya, Fafaroma Paul na Biyar ne ya kafa ta a 1612, kuma kalmar Latin da aka fassara da sirri tana nufin abin da yake na kashin kai ne, wato takardun Fafaroma na kansa. Tun 1881 Fafaroma Leo na Goma Sha Uku ya buɗe ta ga masu bincike, kuma a 2019 Fafaroma Francis ya cire mata kalmar sirri gaba ɗaya saboda mummunar fahimtar da take jawowa. Tsawon kantocinta ya kai kilomita 85. Masana tarihi daga ƙasashe da addinai daban-daban sun shafe fiye da shekara 140 suna tona ta, sun fito da wasiƙun sarakuna da lissafin haraji da shari'ar Galileo, babu wanda ya fito da takardar albashin mafaraucin dodo. Wannan ba wanke cocin ba ne. Ya yi ɓoye-ɓoye na haƙiƙa, kuma mafi muni shi ne rufa wa limaman da suka lalata yara asiri, abin da 'yan jarida suka bankaɗo a birnin Boston a 2002, wani kwamitin bincike a Faransa kuma ya ƙiyasta a 2021 cewa yara kimanin 216,000 ne limamai da 'yan ɗariƙun coci suka ci zarafinsu a ƙasar tun 1950. Da takardun kotu da shaidu masu suna aka tono wannan. Mai neman asirin Batikan a wurin Hollywood ya bar jaki yana dukan taiki.

Abin da yake akwai da gaske shi ne limamai masu addu'ar fitar da aljanu, kuma lamarinsu ya fi kama da aikin ofis fiye da filin daga. Dokar cocin ta 1983, a sashe na 1172, ta hana kowa yin wannan aiki sai da izini na musamman daga Bishof ɗin yankin, kuma limami kaɗai ake ba wa. Littafin addu'o'in da suke amfani da shi na 1614 ne, aka sabunta shi a 1999, aka kuma jaddada a ciki cewa kada a yi gaggawar cewa aljani ne, a fara tabbatar da cewa ba ciwon ƙwaƙwalwa ba ne, a nemi shawarar likitoci in da bukata. Suna da ƙungiya ta duniya wadda Batikan ta amince da ita a bainar jama'a a 2014, lokacin tana da mambobi kimanin 250 a ƙasashe 30. Tun 2005 ake gudanar da kwas a kan wannan fanni a wata jami'ar coci da ke Rum, ana sanarwa, ana rajista, 'yan jarida na zuwa. Wanda ya fi shahara a cikinsu, Fada Gabriele Amorth, tsoho ne mai yawan hira da gidajen rediyo da rubuta littattafai har ya mutu a 2016 yana da shekara 91. Da aka yi fim da sunansa a 2023, The Pope's Exorcist, ƙungiyar tasu da kanta ta fito ta soke shi. Wace irin rundunar asiri ce wannan mai fitar da sanarwar manema labarai?

Da a ce ƙaryar ta tsaya a nan, da sai a yi dariya a wuce. To amma akwai darasin da waɗannan finafinai ke cusawa a zuciyar matashi ba tare da ya ankara ba, kuma shi ne ainihin abin damuwa. Suna koya masa cewa akwai wani irin abokin gaba wanda bai cancanci shari'a ba, ba a neman shaida a kansa, ba a jin ta bakinsa. Kuma akwai wasu zaɓaɓɓun mutane waɗanda su kaɗai ke gane shi, an ba su lasisin kisa daga sama, babu alƙalin da zai tuhume su. A cikin fim wannan yana tafiya daidai, domin mai shirya fim ya riga ya nuna wa mai kallo haƙoran dodon. A duniyar Allah kuwa babu mai nuna haƙora. Abin mamaki, shi kansa fim ɗin Van Helsing ya yi tuntuɓe da wannan gaskiya: a farkonsa jarumin ya jefo wani ƙaton dodo daga saman cocin Notre Dame a birnin Faris, kafin ya kai ƙasa ya koma siffarsa ta mutum, jama'a suka taru suka ga gawar ɗan Adam, suka kira jarumin mai kisan kai. Fim ɗin yana so a tausaya wa jarumin, wai ba a fahimce shi ba. Tarihin Turai kuwa yana tare da jama'ar da ke tsaye a kan gawar.

Domin an yi farautar dodanni ta gaske a Turai, kuma an rubuta ta. A ɗauki masu shan jini. Bayan da Ostiriya ta ƙwace arewacin Sabiya daga Daular Usmaniyya a 1718, jami'anta suka fara aiko da rahotanni cewa ƙauyawa suna tone kaburbura suna soke gawa da turke. An yi haka a ƙauyen Kisiljevo a 1725, an kuma yi a Medveđa, inda likitocin soja suka rubuta rahoto a 1732 wanda ya karaɗe Turai. Waɗannan ƙauyawa ma 'yan Otodoks ne, ba wani Kadinal da ya aike su. Cuta ce ke shiga ƙauye ta kashe mutane a jere, sai a zargi wanda ya fara mutuwa, a tone shi, a ga cikinsa ya kumbura, ga jini a bakinsa, farce kamar ya ƙara tsawo, sai a ce ai ga hujja. Alhali kowace gawa haka take yi idan ta fara ruɓewa: iska ce ke kumbura ta tana turo ruwa ta baki, fata kuma ta janye sai farce ya bayyana. Fafaroma Benedict na Goma Sha Huɗu da kansa ya ɗauki maganar a matsayin ruɗin tunani, kuma a 1755 Sarauniya Maria Theresa ta Ostiriya, bisa rahoton likitanta Gerard van Swieten, ta haramta tone gawa da ƙona ta. Waɗannan dai matattu aka wulaƙanta. Na gaba da ransu aka kama su.

A 1589 aka kashe wani manomi, Peter Stumpp, a garin Bedburg kusa da Kolon a Jamus, bisa cewa yana rikiɗa ya zama kyarkeci, bayan ya amsa laifi a ƙarƙashin barazanar azaba. Aka haɗa da 'yarsa aka kashe. Amma babbar annobar ita ce farautar mayu. Masana tarihi sun ƙiyasta cewa tsakanin 1450 da 1750 an kashe mutum 40,000 zuwa 60,000 a Turai da sunan maita, mafi yawansu mata, da yawa tsofaffi da gwauraye da marasa gata. Kuma adalci ya wajabta a faɗa cewa yawancin hukuncin kotunan sarakuna da na garuruwa ne suka yanke shi, 'yan Furotesta kuma sun ƙona nasu kamar yadda 'yan Katolika suka ƙona nasu.

Idan ana neman mutum ɗaya da ya fi kusa da jarumin finafinan nan, to shi ne Heinrich Kramer, ɗan ɗariƙar Dominikan. Shi kam yana da takardar izini ta gaske, domin a 1484 Fafaroma Innocent na Takwas ya ba shi wasiƙar goyon baya ya yi farautar mayu a ƙasashen Jamusawa. Ya isa garin Innsbruck a 1485 ya kama mata, ya shiga yi wa ɗaya daga cikinsu tambayoyin batsa a kan rayuwarta har kotun ta watse, aka sallami matan, Bishof ɗin yankin ya umarce shi ya bar masa ƙasa, yana kallonsa a matsayin tsohon da ya fara ruɗewa. Da wannan haushi ya je ya rubuta littafin Malleus Maleficarum, wato gudumar mayu, aka buga shi wajen 1486, injin ɗab'i kuma ya yi ta maimaita shi kusan shekara 200. Ga mafaraucin aljanu mai lasisin Fafaroma nan: ba ƙirji, ba takobin azurfa, sai ƙiyayyar mata da alƙalami.

Inda aka bi hanyarsa, sakamakon ya fito. A garuruwan Bamberg da Würzburg na Jamus, waɗanda Bishof-bishof ke sarauta, an ƙona ɗaruruwan mutane tsakanin 1626 da 1631, har da yara ƙanana, har da limaman cocin kansu. Yadda injin ke aiki kuwa mai sauƙi ne: a gana wa mutum azaba har ya amsa, a ci gaba da gana masa har ya ambaci sunayen abokan maitarsa, a kamo su a yi musu haka. Wutar da aka kunna a kan tsohuwa mai bara sai ga ta a gidan manya. Magajin garin Bamberg, Johannes Junius, an kama shi a 1628, kuma kafin a kashe shi ya samu ya fitar da wasiƙa a ɓoye zuwa ga 'yarsa, da hannun da aka murƙushe wa yatsu, yana shaida mata cewa duk abin da ya amsa ƙarya ce, zafin azaba ne, kuma waɗanda suka ba da shaida a kansa sun nemi gafararsa domin su ma tilasta su aka yi. Wasiƙar tana nan har yau. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un!

Su wa suka tsayar da wannan ta'asa? Mutanen da babu mai shirya fim a kansu, domin makaminsu tambaya ce. Friedrich Spee, ɗan ɗariƙar Jesuwit a Jamus, ya buga littafi a 1631 ba tare da sa sunansa ba, yana nuna cewa da irin wannan azaba babu wanda ba za a mai da shi maye ba, har alƙalan da kansu. Sai kuma Alonso de Salazar Frías na Sifaniya, wanda shi alƙali ne a kotun binciken aƙida ta coci, waccan kotu da ta yi ƙaurin suna wajen zaluntar Musulmi da Yahudawan da aka tilasta wa shiga Kiristanci. Bayan an ƙona mutum 6 da ransu a garin Logroño a 1610, aka tura shi yankin Basque a 1611, ya saurari mutum kimanin 1,800, mafi yawansu yara.  Waɗanda suka ce sun halarci taron mayu, ya sa aka kai su wurin ɗaya bayan ɗaya su nuna inda aka zauna, bayanansu suka yi ta saɓa wa juna. Man da aka ce mayu na shafawa su tashi sama, ya sa aka gwada shi a kan dabbobi, bai yi komai ba. Ya dawo ya rubuta cewa bai samu hujjar aikin maita ko guda ba, kuma ya lura cewa ba a fara samun mayu a ƙauyukan ba sai da aka fara wa'azi da surutu a kansu. A 1614 hukumar kotun ta fitar da sababbin ƙa'idoji masu tsaurara neman shaida, ƙona mayu kuma ya kusan ƙarewa a Sifaniya tun kafin sauran Turai.

Kada wani ya yi saurin cewa ana musun wanzuwar aljanu ne a nan. Ba ita ake tattaunawa ba. Abin tambaya shi ne wa ya ba wani ɗan Adam ikon ya nuna wani ɗan Adam da yatsa ya ce wannan ba mutum ba ne, sa'an nan ya zartar masa da hukunci. Kuma ba sai an je Bamberg ba. Mai karatu ya san yadda ake yi idan yaro ya kwanta da zazzaɓi ya ambaci sunan wata tsohuwa a unguwa, ya kuma san su wa ake turawa gaba da sanduna: samari ne, masu ƙarfi a jika, masu jin cewa aikin lada suke yi. Ya san kuma masu zane marar lafiya da bulala suna cewa aljanin ne ke jin zafin, alhali a bayan marar lafiyar ne shatar ke fitowa.

Turawa ma sun ga irin wannan a zamanin mota da talabijin. Anneliese Michel ɗaliba ce 'yar garin Klingenberg a Jamus, likitoci sun tabbatar tana da farfaɗiya, ga kuma damuwar ƙwaƙwalwa. Ita da iyayenta suka gamsu cewa aljanu ne. A 1975 Bishof ɗin Würzburg ya ba da izini, a asirce, limamai biyu suka shiga yi mata addu'ar fitar da aljanu, zama 67 cikin kimanin wata 10. Ta daina cin abinci, ba a kira likita ba. Ta mutu ranar 1 ga Yulin 1976 tana da shekara 23, nauyinta bai wuce kilo 30 da 'yan kai ba, kuma binciken gawa ya nuna yunwa da ƙishirwa ne suka kashe ta. A 1978 kotu ta samu limaman biyu da iyayen nata da laifin kisa ta hanyar sakaci, ta yanke musu ɗaurin wata 6 na jeka-ka-gyara-halinka. A 2005 Hollywood ta ɗauki labarinta, ta canza mata suna, ta mai da ita 'yar Amurka, ta sayar da tikiti.